Abarshi Mahaƙin Rijiya da Fushin Shekara Tara

Jawabin da Mushe Ishaya Ɗan Kasuwa, dattijon ikilisiya, ya yi a harabar majami'a a Gure, ranar taron tunawa da marigayi Abarshi Garbai.

Wakilin Perefe, shugaban gundumar Gure, wakilin magajin gari, wakilin Mai Martaba sarki da 'yan rakiyarsa, Fasto Sila da dattawan ikilisiya, Malam Fannami, limamin unguwarmu, da maƙwabtanmu Musulmi da suka taso tun da hantsi suka zauna tare da mu, Bulama Abaca da mutanen ƙauyukan Kelle da Gidigir, waɗanda na ga raƙumansu ɗaure a bayan katanga, zumuntar mata, uwargida Yabawa matar marigayi, 'ya'yansa Mainasara, Rifkatu da Lidiya, da jikoki: ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

Da dattawa suka ce ni zan yi magana yau, na roƙe su su nemi wani. Shekara talatin da uku muna tare da Abarshi, kuma ba a auna aboki kamar yadda ake auna gero a tiya. Sai Yabawa ta aiko mini da saƙo. Ta ce, "Mushe, kai za ka faɗa, kuma ka faɗa duka. Kada ka wanke shi. Shi da kansa bai taɓa ɓoye abin da ya kasance ba." To, uwargida, na ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abarshi ba haifaffen Gure ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi ya fito, ɗan gidan Kirista, ya zo nan yana saurayi tare da ayarin masu gina rijiyoyin siminti, bayan farin da ya cinye dabbobi. Abokan tafiyarsa suka gama aiki suka koma. Shi ya zauna, ya ɗauko Yabawa daga gida, ya koyi Barbarci har yana ba'a da shi a kasuwa. Ni kuwa an turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na same shi nan a 1991. A lokacin, mu Kiristocin garin nan ba mu cika tabarma uku ba.

Waɗanda ba su san shi a wancan zamani ba, ku tambayi Bulama Abaca. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai dariya da ƙarfi. Kun san ƙasarmu: rairayi ne, ka haƙa da safe ya rufta da rana. Amma Abarshi yakan damƙi ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Saura gaba uku." Gaba ɗaya shi ne tsawon hannu biyu a buɗe; a gaba na uku kuwa sai a ga danshi. Yana alfahari da wannan, yana alfahari da ƙarfinsa. In ya shigo majami'a ran Lahadi, sai ka ga kamar ƙofa ta yi masa kaɗan.

A bazarar 1995 suna haƙa wata rijiya a arewacin Kelle, sun kai gaba ashirin da biyu. Abarshi yana ƙasa. A bakin rijiya, mai riƙe da igiya shi ne Manzo, abokin aikinsa na shekara shida, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya. Manzo yana nan zaune a cikinmu, kuma da izininsa nake faɗin wannan. Ana jan gugan ƙarfe cike da ƙasa, sai bijimai biyu na makiyaya suka kaure da faɗa suka yo kan masu aiki. Manzo ya waiwaya, ya ɗaga hannu ɗaya. Igiya ta zame. Abarshi ya ji ƙarar tana zuwa, ya manne da bango, guga ya kuskure kansa ya sauka a ƙafarsa ta dama.

Mutanen ƙauye suka fito da shi. Amalanken shanu zuwa bakin hanya, kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Gure, daga nan Damagaram. Kafin a isa, ƙafar ta lalace. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Wata biyu ya yi a likita, wato asibiti. Muka je, mutanen ƙauyen suka je, har makiyayan da bijimansu suka yi faɗa suka je da nono a gyanɗama. Manzo bai je ba. Tun ranar ya ɗauki jakarsa ya bar yankin. Abarshi ya sha faɗa mini daga baya, "Mushe, igiya takan zame a hannun kowa. Abin da ya ci ni, duk lokacin da ƙofar ɗakin nan ta buɗe, shi nake zaton zan gani."

Jama'a, a nan ne shekara tara suka fara, kuma mu da muka gan su ba mu manta ba.

Ya dawo gida da sanda a hammata, ya zauna a ƙofar gida, ya daina dariya. In ka ce masa "Ina gajiya?" sai ya ce, "Guntun mutum yana gajiya ne?" Haka ya raɗa wa kansa suna: guntun mutum. Yabawa ta kama lambu a kwari, ita ce ban ruwa, ita ce kai albasa da rogo kasuwa. In ta kawo masa tuwo ya ce ya huce, in ta ɗumama ya ce ta ƙona masa baki. Kwanuka nawa suka sha bango a gidan nan, Allah kaɗai ya sani. Yara in sun ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a zaure, sai kowa ya nemi lungu. Rifkatu, na ga kina girgiza kai. Ai kin tuna. Bai taɓa dukan kowa ba, wannan shaida ce da zan bayar a gaban Allah. Amma akwai harshen da ya fi bulala zafi.

Bai daina zuwa sujada ba. Yakan zauna a benci na ƙarshe, kusa da ƙofa. Ni nake gefensa, shi ya sa na lura da abin da wasu ba su lura ba. In muka tashi yin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, yakan bi mu tun daga fari da muryarsa mai kauri. Da mun iso wurin da ake roƙon gafara gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu, sai ya rufe bakinsa gam. In mun wuce, ya sake kamawa. Shekara tara, kowace Lahadi. Wata rana na tambaye shi. Ya ce, "Mushe, na yi fushi da Allah, amma ban kai in yi masa ƙarya ba."

Fastoci uku suka yi masa wa'azi a cikin shekarun nan. Ni ma na yi nawa, da ƙaramin sanina. Kamar ana zuba ruwa a tudun rairayi. Wadda Allah ya ba kalmar da ta shiga, ga ta nan zaune da farin mayafi.

Ran wata Talata da tsakar rana, Yabawa ta dawo daga kwari, rana ta dake ta, ta ajiye masa fura. Ya kai ƙafa ya ture ƙwaryar, ya fara abin da ya saba, yana zagin Manzo, yana zagin ranar da aka haife shi. Ita da ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ranar ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryarta, ta dube shi ta ce, "Maigida, Manzo ƙafa ɗaya ya raba ka da ita. Mijina da uban 'ya'yana, wa ya raba ni da su?"

Da la'asar na gan shi a ƙofar ajina, ya tako tun daga unguwarsu a cikin rairayi da sanda, zufa ta jiƙa masa riga. Na sallami yara. Ya zauna a kan teburin 'yan makaranta, gwiwarsa ɗaya ta kusa taɓa haɓarsa.

Ya ce, "Mushe, in na daina fushi, me ya rage mini? Da ina da ƙarfi, ana nemana. Yanzu fushin nan kaɗai ke tashe ni da safe. Me Allah zai yi da guntun mutum?"

Ni malamin lissafi ne, ba fasto ba. Duk da haka na ce masa, "Abarshi, ranar da Almasihu ya hau gicciye saboda kai, ƙafafunka ya ƙirga? Tun ba ka haƙa rijiya ko ɗaya ba ya san sunanka. Abin da ya biya dominka bai ragu ba don an rage ka a likita."

Ya ce, "To, Manzo fa?"

Na ce, "Shi ma jinin nan ne aka zubar dominsa. An yafe maka naka ba tare da ka biya ba. Kada rijiya ta ba da ruwa guga ya hana."

Ya daɗe yana kallon allo. Sai na ga hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ya ce, "Ba zan iya ba." Na ce, "Na sani. Ka faɗa wa Ubangiji hakan."

Kada kowa ya ce a ranar ya warke. Ba haka Allah ya yi da shi ba. Wata bakwai ya yi, kowace safiya kafin ya taɓa sandarsa, yana cewa, "Ubangiji, ga fushina na yau, ka karɓa, ni ya fi ƙarfina." Wata rana ya wuni lafiya, wata rana kafin azahar ya koma ya ɗauko abinsa. Ya fara roƙon gafara daga cikin gida: ya tara 'ya'yansa, uba, a gaban 'ya'yan cikinsa, ya ce, "Na cuce ku." Lidiya tana ƙarama a lokacin, ta ce ita dai ba ta gane ba, sai ta ga yayyenta suna kuka ta kama ita ma.

Sai muka ji labari Manzo ya dawo yankin, yana Gidigir, yana tufkar igiya yana sayarwa. Ran kasuwa Abarshi ya ce in raka shi. Muka hau mota muka tafi. Muka ratsa 'yan kanwa, muka ratsa masu tabarmi, sai ga Manzo a ƙarƙashin rumfa, ya rame, furfura ta cika masa kai tun bai kai arba'in da biyar ba. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye, igiyar da ke hannunsa ta faɗi. Na dubi hannun Abarshi a kan sanda, jijiyoyi sun fito. Gaskiya nake faɗa muku, na matso kusa don in riƙe shi.

Manzo ya ce, "Yaya Abarshi, ga ni. Ka yi abin da ka zo yi."

Abarshi ya ce, "Me ya hana ka zuwa?"

Manzo ya ce, "Na zo. Sau biyu na zo Damagaram. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin muryarka. Na rasa idon da zan dube ka da shi." Ya rufe fuskarsa da rawani. "Tun ranar ban sake leƙa rijiya ba. Ko ruwan sha, sai an ɗebo mini."

Kasuwa tana ta ci a kewayenmu. Sannan Abarshi ya saki sanda ta faɗi, ya dafa kafaɗata, ya sauka ya zauna a ƙasa, gwiwa da gwiwa da Manzo. Ya ce, "Ashe mu biyu guga ya faɗa wa. Manzo, kaya na zo saukewa. Almasihu ya yafe mini abin da ya fi wannan. Na yafe maka, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, shekara tara ina roƙa maka sharri."

Abin da ya biyo baya, ba na iya faɗarsa a tsaye. Sai dai in ce masu tabarmi sun bar cinikinsu.

Daga nan ne muka sami Abarshin da yawancinku kuka sani.

Ya kasance mai zama a bakin rijiya a kan kujerarsa ta katako, ana hauro masa da ƙasa yana murzawa, yana faɗa wa na ƙasa inda za su sa zoben siminti. Ƙafa ta tafi, amma sanin ƙasa yana nan a yatsunsa. Ya dawo da Manzo aiki, suka horar da mahaƙa fiye da ashirin, Hausawa, Mangawa, har da ɗan Tubawa guda. Bai taɓa tambayar mai ƙishi addininsa ba.

Ya kasance wanda ake aikawa a kira in manoma da makiyaya sun ja daga a mashaya. Bulama, kai shaida ne: shekarar da aka zare takubba a rijiyar ƙauyenku, shi ya sa aka dasa masa kujera tsakanin ɓangarorin biyu, ya naɗe wandonsa ya nuna musu dungulmin ƙafarsa, ya ce, "Wannan bai yi mini ciwo kamar abin da kuke shirin ɗauka ba. Kowa ya haɗiyi taɓarya zai kwana tsaye." Aka raba ranakun shayarwa, har yau a kansu ake.

Ya kasance mai zuwa likita duk lokacin da ya ji an yanke wa wani hannu ko ƙafa. Ba ya yin doguwar magana. Yakan zauna, ya cire ƙafar roba da aka sa masa daga baya ya jingine, ya ce, "Ɗan'uwa, kai cikakken mutum ne. Wanda ya yi ka bai canza ra'ayi a kanka ba."

Ya kasance kuma mai saurin hawa har ƙarshen ransa, kada mu yi masa ƙarya. Dattawan ikilisiya sun tuna ranar da muke shawarar rufin majami'ar nan, ya buga sanda a ƙasa ya kira mu ragwaye ya fita. Kafin rana ta faɗi sai ga shi gida-gida, yana ƙwanƙwasa ƙofa: "Na sake ɗauko kayana, ku taya ni saukewa." Fushi bai daina ziyartarsa ba. Shi ne ya daina ba shi masauki.

Amma akwai rana ɗaya da nake so jikokinsa su sani. A 2011 Mainasara ya kai shekara ashirin da biyu, ya gama koyon aikin sama, lokaci ya yi da zai sauka ƙasan rijiya karo na farko. Gaba goma sha tara. Akwai ƙarfafan samari shida a wurin. Abarshi ya ɗaura wa ɗansa igiya a ƙugu da hannunsa, ya ja kullin sau biyu, sannan ya juya ya miƙa ɗaya bakin ga Manzo.

Manzo ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa. Ya ce, "Yaya, don girman Allah, kada ka yi mini haka. Ɗanka ne namiji guda."

Abarshi ya ce, "Shi ya sa. Duk ƙasar nan babu mai riƙe igiya kamar wanda ya taɓa sakinta. Kama."

Manzo ya kama. Na gan shi da idona: ƙuda ya sauka masa a ido bai ƙifta ba. Awa uku, har Mainasara ya fito. Da aka kwance igiya, tafin hannun Manzo ya ɗaye. Yabawa ta yi kwana biyu ba ta yi wa maigidanta magana ba da ta ji labari, kuma ban ga laifinta ba. Amma ran nan ne Manzo ya san an yafe masa da gaske, don yafiya ta baki tana da sauƙi.

Uwargida Yabawa, kin ɗauki shekara tara masu wuya ba tare da kin kai ƙararsa ko'ina ba sai gaban Ubangiji, kuma Ubangiji ya ba ki shekara ashirin masu daɗi. Ke ce ƙofar da Allah ya bi ya shiga. Kada ki ji kin zama ke kaɗai. Ikilisiya gidanki ce, unguwa gidanki ce. Mainasara, kai ne babba yanzu. Ka gaji hannun ubanka, ka gaji zuciyarsa mai zafi kuma, mun sani. Ka gaji abin da ya yi da ita. Rifkatu, Lidiya, kun ga uba iri biyu a jikin mutum ɗaya. Ku ba 'ya'yanku labarin duka biyun, don su san abin da alherin Allah yake iya yi. Manzo, ɗan'uwa, kai ka ɗauki gaban makara ranar da muka kai shi. Wurinka a gidan nan yana nan.

Saura abu ɗaya, kuma nawa ne. Kwana huɗu kafin ya cika, na je gaishe shi da hantsi. Ciwo ya ci jikinsa, muryar nan mai kauri ta zama raɗa. Na fara yi masa addu'a, sai ya kama hannuna ya ce, "Dakata, Mushe. Yaushe rabonka da Yunana?"

Yunana ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Tasawa. Ranar da muka binne mahaifiyarmu ya faɗa mini a gaban mutane cewa na yashe ta na tafi gabas. Shekara bakwai ban ɗaga salularsa ba. Ni, dattijon ikilisiya, mai yi wa wasu wa'azi. Na ce, "Abarshi, bar wannan maganar, ba lokacinta ba ne." Ya ce, "Ni lokacina ya ƙare, shi ya sa na san tsadarsa. Kira shi. A nan, ina ji."

Na kira. Ban san abin da na faɗa ba, na dai ji Yunana yana cewa "Yaya, Yaya" yana kuka. Abarshi ya lumshe ido ya saki hannuna. Wancan mai shuɗiyar riga a layi na uku, shi ne Yunana. Jiya ya iso, a gidana ya sauka.

Saboda haka, duk wanda ya zo nan da kaya a zuciya, ko a kan ɗan'uwa, ko a kan maƙwabci, ko a kan kansa, ina roƙonsa kada ya koma da shi gida. Darajarka ba a ƙarfinka take ba, ba a abin da aka ƙwace maka take ba. Tana hannun wanda ya yi ka, kuma babu mai iya ɓamɓare ta daga can.

A madadin iyali da ikilisiya, muna gode wa hukuma, muna gode wa sarakuna, muna gode wa majo, babban ma'aikacin jinya, da sauran ma'aikatan likita da suka yi jinyarsa, muna gode wa Malam Fannami da matan unguwa da ba su bar murhun gidan nan ya mutu ba tun ranar rasuwa. Waɗanda suka taso daga nesa, Allah ya mai da ku gida lafiya. Mu sunkuyar da kai.

Ya Uba na sama, mun gode maka saboda bawanka Abarshi, wanda ka ba mu, ka kuma karɓi abinka. Ka ta'azantar da Yabawa, ka zama uba ga 'ya'yansa da jikokinsa. Ka ba garinmu zaman lafiya, ka ba ƙasarmu damina mai albarka. Mu da muka rage, ka tausasa zukatanmu tun muna da sauran numfashi, ka ba mu ƙarfin zuwa wurin wanda ya ɓata mana, da tawali'un zuwa wurin wanda muka ɓata wa. Ka riƙe mu har ranar da za ka tashe mu tare da ɗan'uwanmu, babu ciwo, babu hawaye, yana tsaye a gabanka cikakke. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa.

Amin.